Na haɗa regiletar fanka da hannuna, tana aiki amma gurnani ya hana ni barci

Ɗan_Gwaji: Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar lantarki, dan Allah ina neman shawara. Regiletar fankar silin ɗin ɗakina ce ta ƙone, irin tsohuwar nan mai ƙaton akwati da take ɗaukar zafi kamar dutsen guga, to maimakon in sayi wata sai na ce bari in gwada haɗawa da kaina tunda ina ɗan taɓa sodarin. Na sa tirayak BT136 (makunnin lantarki mai ƙafa uku), dayak DB3 (ɗan abin da ke harba tirayak ɗin ya buɗe), boliyum 500k (resisto mai murɗawa) da resisto 10k a jere da shi, sai kafasito (mai riƙe caji) 0.1uF mai 400V. Da na gwada da ƙwan fitila mai zare lafiya lau, haske na ƙaruwa yana raguwa yadda nake so har na fara jin kaina wani injiniya. Ina jona fanka labari ya canza. Tana juyawa kam, amma da na rage gudu sai ta fara wani gurnani zzzzz, in na ƙara ragewa kuma ta tsaya cak tana kukan ba ta motsi, jiya da na taɓa kanta na ji zafi sosai. Fankar wat 75 ce, wutarmu 230. Ina na yi kuskure?

Tartsatsi99: Wa alaikumus salam. Kuskurenka na farko shi ne da ka fara jin kanka injiniya hhhh. Wasa nake, bari manya su zo.

MaiRiwaya: Wa alaikassalam ƙanina. Kafin komai kada ka sake barinta a tsaye tana kuka, ko na minti biyar ne. Yawancin kwayil, wato naɗin wayar cikin fanka, da ake kawo min ya ƙone haka abin ke farawa, wuta na shiga farfela ba ta juyawa, babu iskar da za ta sanyaya kan, sai fentin jikin wayar ya dahu. Na biyu, yaushe rabon da ka duba kafasiton fankar kanta, wanda ke can sama a wuyanta? Yawanci 2.5uF ne ko kusa da haka, in ya yi sanyi fanka ba ta da ƙarfin tashi a ƙaramin gudu ko wace irin regileta ka sa mata. Ka kashe wuta ka tura farfelar da hannu ka gani, in ta tsaya da wuri berin ne ya bushe.

Ɗan_Gwaji: Na gode Baba. Berin ɗin lafiya, in na tura ta tana daɗewa tana juyi. Kafasiton kam tunda aka ɗaura fankar ban taɓa dubawa ba, mitata ma ba ta auna uF.

Ƙaramin_Injiniya: Bari in ɗan yi bayanin abin da haɗin naka yake yi sai ka gane da kanka. Wutar gida tana kaiwa tana komowa sau 50 a daƙiƙa, kenan kowane rabin zagaye milisakan 10 ne. Tirayak ɗin nan makunni ne kawai, ba ya rage wuta a hankali kamar yadda ake rage ruwan famfo, ko dai a buɗe yake ko a rufe. Kafasiton 0.1 yana cika ta cikin boliyum, in ya kai wajen bolt 32 sai DB3 ya ɓalle ya harba wa get, wato ƙafar da ke kunna tirayak, tirayak ya buɗe, ya ci gaba a buɗe har karant ya sauko sifili sannan ya rufe da kansa. In ka ƙara boliyum kafasito ya daɗe bai cika ba, sai a yanke gaban kowane rabin zagaye a bai wa fanka sauran. To ka ga kenan fankar ba ta samun wuta mai santsi, sara take samu, wuta ta faɗo mata kwatsam sau 100 a kowace daƙiƙa. Ƙwan fitila bai damu ba don zare ne kawai yake zafi. Amma fanka kwayil ce a naɗe a jikin faranten ƙarfe, duk bugun da aka yi sai ƙarfen da wayar sun girgiza, gurnanin da kake ji kenan. Ba wai ka haɗa ba daidai ba ne, halin wannan tsarin ne.

Tartsatsi99: Kai wannan yaron da ganinsa bai daɗe da fitowa daga aji ba, har yanzu karatun da zafinsa.

Ƙaramin_Injiniya: @Tartsatsi99 ina aji ma har yanzu yaya. Kuma maganar tsayawar da take yi, lissafi ne mai sauƙi. Ƙololuwar wutar 230 wajen bolt 325 ce. Kafasiton 0.1uF a kan 50Hz turjiyarsa, wato yadda yake tare karant, kusan 32k ce, om dubu 32 kenan. In boliyum ya wuce wajen 300k da ɗan abu, wutar da ke isa kafasiton ba za ta kai 32 ɗin da dayak ke buƙata ba, kenan ƙarshen boliyum ɗin 500k fanko ne, kuma tun kafin a kai nan fankar ta riga ta rasa ƙarfin juyawa. Ka ɗaura resisto 330k a kan ƙafafun boliyum ɗin biyu, zai dawo da shi kusan 200k, ko ka sa ƙaramin boliyum na saiti ka daidaita shi yadda ko an murɗe har ƙarshe fankar za ta iya tashi da kanta daga tsaye.

MaiRiwaya: Wannan ta ƙarshen ita ce magana. Daga tsaye. Mutane na saita ƙaramin gudu alhali fanka tana cikin juyawa, sai a ɗauke wuta cikin dare a dawo da ita, fankar ta kasa tashi, mai ɗaki na barci ita kuma tana dahuwa har asuba. Ka saita, ka kashe, ka bari ta tsaya cak, sannan ka kunna ka gani. Kuma ka bar mata rara saboda ranar da wuta za ta zo ba ƙarfi.

Hattara_Dai: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Malam Ɗan_Gwaji a cikin me ka sa haɗin? Don wannan abin ba shi da taransifoma, duk inda ka taɓa a allon nan wutar gida ce kai tsaye. Kuma BT136 ƙarfen bayansa a haɗe yake da ƙafar tsakiya, wato shi ma wuta ne. Ni na taɓa ɗaure irinsa da kusa a jikin akwatin ƙarfe wai don ya sha iska, na kunna na kai hannu zan gyara zaman akwatin, wallahi sai da na ji abin har cikin haƙorana, Allah ne ya sa ina tsaye a kan busasshen katako kuma hannun ya fizge da kansa. Tun daga ranar akwatin roba, boliyum mai sandar roba, da hular murɗawa ta roba.

Ɗan_Gwaji: Subhanallah. Gaskiya a fili yake a kan tebur har yanzu, na ɗora shi a kan kwali, kuma boliyum ɗin mai sandar ƙarfe ne amma na sa masa hula. Na ma yi niyyar sa wa tirayak ɗin hit sink, ƙarfen nan mai zuƙe zafi.

Hattara_Dai: To ka cire shi daga soket yanzu kafin yaro ya shigo ɗakin. Hit sink ba ka buƙatarsa a wat 75, karant ɗin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na amf ba, shi kuma BT136 na amf 4 ne, zafin da zai yi bai kai rabin wat ba. In dole sai ka sa, nemi BTA irin su BTA12 ko BTA16, su bayansu a killace yake. Sannan ka sa fis ƙarami kamar amf 1 a kan layif, makunni ma a kan layif ba nutural ba. Lokacin gwaji kuma ka jera ƙwan fitila mai zare wat 100 a hanyar wutar, in akwai gajeriyar hanya ƙwan ne zai haska maimakon abu ya fashe maka a fuska.

Uwar_Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san komai a harkar nan ba amma ina bin zancen don ni ma matsalata kenan, fankar tsaye ce da ni ko a lamba 1 iskarta ta yi wa jarirai yawa, in na kashe kuma zafi. Wannan abin da ɗan'uwa ya haɗa zai yi a fankar tsaye?

MaiRiwaya: Hajiya zai yi in fankar mai maɓallan dannawa ce ta gargajiya. Ita gudunta daga cikin kwayil aka fitar, wayoyi uku ne suka fito daga wurare daban daban a naɗin, maɓallin yana zaɓar ɗaya. Sai a bar ta a lamba 3 a riƙa ragewa daga regileta. Amma in mai rimot ce ko mai allon taɓawa kada a kuskura, allon cikinta ba ya son yankakkiyar wuta. Kuma su fankokin tsaye akwai ɗan fis na zafi a ɓoye cikin kwayil, da kan ya yi zafi fiye da kima zai tsinke shiru, fanka ta mutu a ce ta ƙone alhali shi ne kawai. Shawarata dai tunda ɗakin yara ne kada a sa haɗin gida, ki juya fankar ta kalli bango iska ta dawo muku a hankali.

Uwar_Biyu: Ikon Allah, dabarar bango ba ta taɓa zo min ba. Na gode Baba.

Malam_Kwayil: Ni fa ina ganin duk wahalar banza kuke sha da tirayak. In shiru kake so ka koma regiletar kafasito, magana ta ƙare. Kafasito a jere da fanka yana rage wutar da ke isa gare ta ba tare da ya sare ta ba, wutar na nan da santsinta, babu gurnani ko kaɗan kuma ba ya zafi kamar resisto. Ni a ɗakina abin da na haɗa kenan, kafasito biyu 2.2uF da 3.3uF da makunni mai murɗawa. Lamba 1 na 2.2 kaɗai, lamba 2 na 3.3, lamba 3 duka biyun a gefe da gefe su zama 5.5, lamba 4 kai tsaye. Shekara da shekaru ko tari bai taɓa yi ba.

Ɗan_Gwaji: Malam kenan babban kafasito shi ne gudu mai yawa? Na ɗauka akasin haka ne.

Ƙaramin_Injiniya: E, babba ya fi barin karant ya wuce. A 50Hz na 2.2uF turjiyarsa kusan om 1450, na 3.3uF kusan 965, na 5.5 kusan 580. Amma Malam_Kwayil bai faɗi aibinsa ba, gudu huɗu kawai ka samu, in lamba 1 ta yi kaɗan lamba 2 ta yi yawa sai haƙuri. Tirayak kuwa duk inda ka ga dama ka tsaya.

Malam_Kwayil: Ɗana, mutum nawa ka sani da ke buƙatar gudu ɗari a fanka? Barci ake so a yi. In lamba 1 ba ta yi maka ba canza kafasiton ka sa wanda ya dace da fankarka, sau ɗaya ne. Abin da zan ƙara kawai, kafasiton ya zama na wutar AC mai 400V ko sama, irin na fanka ko na fim, kada wani ya ɗauko mai fulos da mainos na cikin rediyo ya sa, fashewa zai yi. Kowanne a ɗaura masa resisto kamar 330k don ya sauke cajin da ya riƙe in an kashe, in ba haka ba ka zare fulogi ka taɓa ƙafafun ya ɗalle ka. Sai ɗan ƙaramin resisto na om kaɗan a jere da kowanne saboda tartsatsin da ake yi lokacin da makunni ya haɗa su biyu.

Ƙaramin_Injiniya: Da wani abu kuma, kada a yi ta ƙara girman kafasito ana cewa ai ƙara gudu ne. Kafasito da kwayil a jere akwai inda suke dacewa da juna wutar kan fanka ta haura ta soket. Duk wanda ya canza girma ya sa mita a kan fankar ya gani.

Malam_Kwayil: Wannan gaskiya ne, na yarda.

Tartsatsi99: A rubuta ranar yau, Malam_Kwayil ya ce ya yarda da wani.

MaiSauraronRediyo: Ashe ku ne! Wlh tun da maƙwabcin ɗakina ya sa irin regiletar nan ta murɗawa, in dare ya yi na kamo tasha a gajeren zango sai ƙarrrr kamar ana soya abu, da ya kashe fanka sai ta washe. Na daɗe ina zargin rediyon ce. FM kam ba ta damuwa.

Ƙaramin_Injiniya: Shi ne wannan saran da na faɗa, duk lokacin da tirayak ya buɗe kwatsam yana watsa hayaniya ta cikin wayoyin gida, su kuma su zama kamar eriya. Maganinsa cok, wato 'yar kwayil a naɗe a jikin sandar ferayit a jere da tirayak, da kafasito 0.1uF irin X2, wanda aka yi don jure wutar gida. Masu arha da yawa ba sa sakawa. Ɗan_Gwaji kai ma ban ga sinoba a lissafin kayanka ba, wato resisto om 100 mai wat 1 ko 2 a jere da kafasito 0.1uF X2, a ɗaura su tsakanin manyan ƙafafun tirayak biyu. Dalili, a kwayil karant yana biyo bayan bolteji ne, to lokacin da karant ya kai sifili tirayak ya rufe, boltejin ya riga ya yi nisa a ɗaya ɓangaren, sai ya bayyana a kan tirayak ɗin farat ɗaya, wannan na iya sake buɗe shi ba da izini ba. Sannan harbin dayak gajere ne, kwayil kuma ba ta barin karant ya tashi da sauri, wani lokaci harbin zai wuce tirayak bai kama ba. In yana kamawa a rabi ɗaya yana kuskurewa a ɗayan, fankar ta fara shan wani abu mai kama da DC kenan, ga gurnani mai ƙarfi ga zafi. Ina zargin zafin da ka ji har da wannan.

Ɗan_Gwaji: To sinoba zai kashe gurnanin gaba ɗaya?

Ƙaramin_Injiniya: A'a. Zai gyara harbin, ƙarar za ta ragu, amma ba za ta ɓace ba.

MaiRiwaya: Kuma ya danganta da fankar. Akwai wadda naɗinta ya sha banish sosai faranten a matse, da kyar za ka ji. Akwai wadda an taɓa yi mata riwaya, wato an sake naɗa wayarta, ba a jiƙa ta da banish da kyau ba, wannan ko me ka yi sai ta yi waƙa. Wani lokacin ma ba kan ne ke ƙarar ba, kusoshin farfela ne ko murfin sama ya saki yana amsawa, ka bi su ka ɗaure.

MaiArduino: Ni da Arduino, ɗan allon kwamfutar nan da ake rubuta wa umarni, na yi nawa, ina sarrafa ta daga waya. Ofto ɗaya, wato ɗan abin da ke tura sigina ta haske ba ta waya ba, yana gano lokacin da wuta ta ratsa sifili, sai in ƙirga milisakan da nake so in harba ta wani ofton, MOC3021, zuwa tirayak. Amfaninsa ɓangaren da kake taɓawa a rabe yake da wutar gida, kuma na sa duk lokacin da aka kunna ta fara da cikakken gudu na daƙiƙa uku kafin ta sauko, kenan matsalar da Baba ya faɗa ta kasa tashi babu ita. Abin da ya ba ni wahala, da farko MOC3041 na saya ban san shi sai a sifili kaɗai yake buɗewa ba, kwana biyu ina zagin kod ɗina ashe ba ruwansa.

Malam_Kwayil: To gurnanin fa?

MaiArduino: Yana nan Malam hhh. Saran ai iri ɗaya ne ko waye ya ba da umarni. Na gwada ɗaya dabarar ta barin zagaye cikakke ya wuce a tsallake wasu, ƙarar zzz ta tafi amma sai fankar ta koma wani fizga fizga a ƙaramin gudu, ban ji daɗinsa ba. Yanzu tunanin da nake yi in sa rile uku, wato makunnai da wuta ke kunnawa, su riƙa zaɓar kafasito.

Malam_Kwayil: Ka zagaya ka zagaya ka dawo gida kenan.

Baƙon_Zaure: Tambaya dan Allah, wai rage gudun fanka yana rage cin wuta ko duk ɗaya ne? Wani ya ce min ko a 1 ko a 5 mita abu ɗaya take karantawa.

Tartsatsi99: Duk ɗaya ne, regileta ce ke shanye sauran.

Ƙaramin_Injiniya: Ba haka ba ne yaya. Ko a tsohuwar mai resisto jimillar na raguwa in ka rage gudu, sai dai wani kaso yana tafiya a zafi, misali in ta riƙe bolt 80 karant na rubu'in amf, wat 20 kenan take ƙonawa a bango, shi ya sa akwatin yake da ramuka. Ta kafasito da ta tirayak kusan ba sa ƙona komai a jikinsu, don haka ragin ya fi. Amma kada a zata rabin gudu rabin wuta ne daidai. Irin wannan motar gudun da take kora ya dogara ne da 50Hz ɗin da yawan fol, wato kawunan maganaɗisu na naɗinta, mai fol 4 kamar ta tsaye juyi 1500 a minti take bi ba ta cimmawa, ta silin fol ɗinta da yawa shi ya sa take 'yan ɗari uku da wani abu. Mu ba mu canza 50Hz ba, raunana ta kawai muke yi iska ta rinjaye ta ta rage gudu, kuma wannan zamewar zafi ce a cikin rota, wato ɓangaren motar mai juyawa.

Tartsatsi99: To na janye, amma ni na auna da mitata na ga lambobi suna ta rawa.

Ƙaramin_Injiniya: Ƙananan mitoci an yi su ne da zaton wutar mai santsi ce, in ka ba su yankakkiya ƙarya za su yi maka. Sai mai rubutun True RMS a jiki, ko mitar wat ta soket.

ƊanSola: Wani abu da ba wanda ya taɓo, inbata. In inbatarka ba mai tsaftatacciyar wuta ba ce, irin mai hawa hawa kamar matakala, regiletar tirayak rikicewa take yi don babu gangaren da za ta yanka, ka murɗa kaɗan ba komai ka ƙara kaɗan ta tashi gaba ɗaya. Ta kafasito ma ba ta tsira ba, kafasito ba ya son wuta mai kusurwa, zai riƙa jan karant da ƙarfi a kowane tsalle resistocin ciki su yi zafi. Ni shi ya sa na bar AC gaba ɗaya a ɗakin kwana, fankar DC bolt 12 nake amfani da ita, na haɗa mata NE555 (ɗan cif mai kunnawa da kashewa da sauri) da mosfet IRFZ44N (makunnin lantarki na DC), boliyum 50k da dayod 1N4148 guda biyu. Babu shokin babu fargaba, ko yaro ya taɓa ba komai. Duk mai koyo da nan ya kamata ya fara ba da wutar 230 ba.

Uwar_Biyu: @ƊanSola wannan ita ce irin fanka mai caji? Don ina da ita ma.

ƊanSola: Kusan haka Hajiya, amma kala biyu ce. Akwai mai burushi, waya biyu kawai ke shiga motar, ita ce haɗin 555 ke yi wa aiki. Akwai marar burushi mai allonta a ciki, ita ba a sare mata wuta daga waje, ta wajen allon ake rage ta. Haka ma sababbin fankokin silin masu rimot da ke cin wat talatin da 'yan kai, kada a sa musu kowace irin regileta, kai tsaye ake ba su wuta. Ga masu son haɗa na 555, ku sa dayod a kan motar a juye don kare mosfet, kuma ku kula da kafasiton lokaci. Da farko 10nF na sa, motar ta riƙa wani siririn fito kamar sauro a kunne, na mayar da shi 1nF bugun ya haura dubu ashirin a daƙiƙa inda kunnen mutum ba ya ji, shiru kake ji. Abin mamaki 555 ɗin nan tun 1972 yake kasuwa kuma har yau ba a bar shi ba.

Hattara_Dai: Bolt 12 ba ya ja, gaskiya, amma batir na iya narka waya ya tada gobara in ta haɗu. Fis dai, kusa da batir.

Tartsatsi99: Oga Hattara ko biro aka ba shi sai ya nemi inda za a sa fis.

Hattara_Dai: Ka bari wuta ta ja ka sau ɗaya, kai ma za ka shigo ƙungiyarmu.

Ɗan_Gwaji: Jama'a na dawo da rahoto. Na sauke fankar na kai an auna kafasitonta, an rubuta 2.5 amma 1.6 ya nuna, na canza sabo, Baba ka yi gaskiya ko kai tsaye ma gudunta ya ƙaru ban san ta rage ba ashe. Na sa sinoba, na ɗaura 330k a kan boliyum, na canza boliyum mai sandar roba na zuba komai a akwatin roba da fis, Oga Hattara hankalinka ya kwanta. Yanzu ko na murɗe har ƙarshe tana tashi da kanta, na gwada sau biyar daga tsaye, kuma bayan awa biyu kan ɗumi kawai ya yi ina iya barin hannu a kai. Gurnanin ya ragu sosai, da rana ba na ji sam, amma cikin dare in gari ya yi tsit yana nan ƙasa ƙasa musamman a tsakiyar boliyum.

Ƙaramin_Injiniya: A tsakiya dama ya fi, don a nan ake buɗewa daidai lokacin da wuta take ƙololuwa, tsallen ya fi girma. Ka gwada cok ɗin, zai ɗan tausasa bakin saran.

Malam_Kwayil: Ko ka sa cok goma sai ka ji shi. Kafasito biyu da makunni ɗaya, na faɗa maka tun shekaranjiya.

MaiRiwaya: Ku bar yaro ya yi wasansa, ai da bai haɗa wannan ba da bai san kafasiton fankarsa ya mutu ba. Ƙanina ka ƙara kwana biyu kana taɓa kan da safe, in ka ji warin banish ko kaɗan ka kashe.

Ɗan_Gwaji: In sha Allah Baba. Malam_Kwayil ban ƙi taka ba, tunani nake ko zan haɗa biyun a akwati ɗaya, makunni ya zaɓi kafasito don dare, tirayak don rana. Abin da ban sani ba ko 2.2 zai yi wa tawa kaɗan tunda yanzu ta samu sabon ƙarfi.

Malam_Kwayil: Sai ka gwada, kowace fanka da halinta. Ka fara da 2.2 ka ga ko za ta tashi daga tsaye, in ta yi nauyi ka ƙara 1uF a gefensa. Amma kada ka jera kafasiton da tirayak a hanya ɗaya, makunnin ya raba su sarai, ko wannan ko wancan.

MaiSauraronRediyo: Ni dai a taimaka a faɗa min naɗi nawa ake yi wa cok ɗin da kaurin wayar, in haɗa in kai wa maƙwabcina kyauta.

Baƙon_Zaure: Ni ma wata tambayar, fanka biyu za su iya hawa regileta ɗaya in BT136 ne? Ɗaya wat 75 ɗaya kuma ban san nata ba, takardar jikinta ta goge.